Yadda ciwon gaɓɓai ya kai ni gaban likitan zuciya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓoɓin mai ita. Ina shekara 35 ya same ni. Da asuba yatsuna sukan sandare, sai na yi kusan awa guda ina murza su kafin su yarda su riƙe biro, ga ni kuwa malamar makaranta, duk aikina a hannu yake. Tsawon waɗannan shekaru, iyakar sanina da ciwon shi ne yatsu da wuyan hannu da gwiwa. In sun lafa in ce na samu sauƙi, in sun motsa in nemi ƙwaya. Zuciya ba ta taɓa shiga lissafina ba.

Wata sabuwar likitar gaɓɓai ce ta shigar da ita. Bayan ta gama lallatsa gaɓoɓina guda 28 da suke ƙirgawa, tana rubuta masu kumburi da masu zafi, sai ta ajiye biro ta ce, "Malama, in kin hau bene me kike ji?"

Na ce gwiwa.

Ta ce, "Ban da gwiwa fa?"

Sai na yi shiru, don akwai abin da na yi wata uku ina ɓoye wa kowa, har maigidana. In na kai tsakiyar benen makaranta, wani nauyi yakan danne min ƙirji kamar an ɗora tafin hannu an tokare, ya hau har muƙamuƙi. In na tsaya minti biyu ko uku sai ya sake ni. Na ɗauka ƙwannafi ne daga ƙwayoyin da nake sha. Da na faɗa mata, ba ta ce komai ba sai da ta tambayi magungunana. Nan ma dole na fito da gaskiya: metotireksat ɗin da aka ɗora ni a kai, wanda ake sha sau ɗaya a mako don ya danne garkuwar, na yi kusan shekara biyu ina yi masa shan ganin dama, saboda tashin zuciyar da yake sa ni da yawan gwajin jini da yake buƙata. A madadinsa nakan sayi firednisolon da daiklofenak da kaina. Suna kashe zafi cikin kwana ɗaya, ni kuma zafin kaɗai nake gani.

Ta rubuta takardar tura ni sashen zuciya. Na yi mata gardama, kuma a lokacin ina ganin da gaskiyata. Ba na shan taba, ba ni da ciwon suga, ba ni da ƙiba, kwalastarol ɗina kuwa duk lokacin da aka auna sai a ce lafiya lau. Ta ce masu irin ciwona haɗarin ciwon zuciyarsu ya ɗara na sauran mutane da kusan rabi, shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta ba da shawarar cewa in an lissafa haɗarin mai amosanin gaɓɓai da ma'aunin da ake yi wa kowa, a ninka sakamakon sau ɗaya da rabi. Game da kwalastarol kuwa ta faɗi abin da ya daure min kai: lokacin da kumburi ke kan ganiyarsa, lambobin kwalastarol a jini sukan sauka. Mutum ya ga takarda mai kyau ya yi murna, alhali ciwon ne ya sauke su, kuma haɗarin yana nan daram.

Gwajin jini aka fara yi, da safe, ban sa komai a ciki ba. Sannan aka manna min wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu aka ɗauki zanen bugawar zuciya, bai kai minti biyar ba, ya fito ba wata matsala. An gaya min kada wannan ya ruɗe ni, don zuciyar da ke kwance tana hutawa ba lalle ta nuna ƙarancin jinin da take samu a kan bene ba. A takardar jini, abin da likitan zuciya ya zagaye da jan biro shi ne CRP. Wani furotin ne da hanta ke fitarwa in saƙon kumburi ya iso mata. Ga mutumin da ba shi da wani ciwo, ƙasa da miligiram 1 a lita ana ɗaukarsa ƙaramin haɗari, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 babba. Nawa ya haura 20. Ya ce a wurin mai amosanin gaɓɓai ba a auna zuciya da wannan ma'aunin kai tsaye, tunda gaɓoɓin kansu suna ɗaga shi, amma lambar ta gaya masa abu ɗaya: shekaru ke nan jinina yana ɗauke da saƙon yaƙi dare da rana, kuma jinin da ya ratsa gwiwa shi ne ke ratsa zuciya.

Gwaji na gaba shi ne hoton jijiyoyin wuya, da irin na'urar da ake duba masu juna biyu. Na kwanta rigingine, aka juya kaina gefe, aka shafa min wani man sanyi a wuya. Mai ɗaukar hoton ya kunna sauti, sai na ji ƙarar jinina yana wucewa, fuu, fuu, daidai da bugawar zuciya. Ya juyo da allon wajena. Jijiyar ta fito kamar baƙar hanya tsakanin fararen layuka biyu, sumul, har zuwa inda ta rabu gida biyu a ƙasan muƙamuƙi. A daidai mararrabar, farin layin ya yi tudu, ya kutso cikin baƙin kamar ɗan tsiro. Ya tsayar da hoton, ya sa alama biyu ya auna. Na tambaye shi ko kitse ne ya maƙale. Ya ce likita zai yi min bayani, ya miƙo min abin goge wuya.

Kafin ranar nan, yadda nake hasashen taurin jijiya shi ne irin bututun ruwa da maiƙo ya daskare a cikinsa. Likitan zuciya ya juya bayan takardar sakamakona ya zana da'ira uku, wata cikin wata, ya ce, "Malama, abin ba a kan bangon yake taruwa ba. A cikin bangon yake girma." Abin da ya biyo baya na rubuta shi a daren ranar don kada ya kuɓuce min, kuma na sake karantawa a kansa sau da yawa bayan nan.

Cikin kowace jijiya akwai wata shimfiɗa mai santsi, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak, ita ce jini ke gogawa. In tana cikin ƙoshin lafiya, fararen ƙwayoyin jini sukan wuce ta abinsu ba su tsaya ba. Hawan jini, hayaƙin taba, suga mai yawa, da sinadaran kumburi irin waɗanda gaɓoɓina ke zubawa a jini, duk suna gajiyar da ita. Mararraba ta fi shan wahala, don a nan jini ke daina tafiya miƙe ya riƙa juyi, shi ya sa nawa tudun ya fito inda ya fito. In shimfiɗar ta raunana, ƙwayoyin LDL masu ɗauke da kwalastarol sukan sulale ta ƙarƙashinta su maƙale a cikin bangon. A can sai su canza, su lalace kamar man da ya daɗe a buɗe, har jiki ya daina ganinsu a matsayin nasa.

Daga nan garkuwa ke shigowa. Shimfiɗar ta fitar da wasu 'yan ƙugiyoyi a fuskarta, fararen ƙwayoyin da ake kira monosait su laƙe, su kutsa cikin bangon, su rikiɗe su zama makrofaj, wato masu haɗiye duk abin da bai dace ba. Aikinsu na asali ke nan, da shi suke cinye ƙwayoyin cuta, da shi ciwo ke warkewa. Matsalar ita ce ƙofar da suke haɗiyar lalataccen LDL da ita ba ta san ƙoshi ba. Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1985 kan binciken kwalastarol, su ne suka bayyana wannan ƙofa a 1979. Makrofaj ya yi ta ci har ya cika da ɗigon mai, in an duba shi a madubin bincike kamar kumfa. Tarin irinsu ne ke yin rawayen zane a bangon jijiya, wanda ake samu har a jikin matasa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma kwalastarol ɗin da ya taru yakan daskare ya zama 'yan tsinke-tsinke masu kaifi, su tayar da wani abin ƙararrawa a cikin makrofaj mai suna NLRP3, shi kuma ya saki intalukin-1 beta. Wannan ya tayar da intalukin-6, wanda shi ne ke isa hanta ya sa ta fitar da CRP ɗin da aka zagaye min da jan biro. Kira ya bi kira, ƙarin ƙwayoyi su iso, su ci, su mutu a wurin. A jiki mai lafiya ana kwashe matattun ƙwayoyi nan take. A cikin wannan tudun kwasar ba ta cim ma mutuwar, sai gawarwakinsu da mai su taru su zama ruɓaɓɓen ciki. Jijiyar kuma ta yi nata ƙoƙarin: ƙwayoyin tsokar bangon su matso su saƙa murfi da zaren kolajin a kan wurin don su raba shi da jini. Da tafiya ta yi nisa, kalsiyam ya zauna a ciki, bangon ya yi tauri ya daina miƙewa da dawowa kamar da.

Na ce masa, "Likita, ashe maruru ne a cikin bango."

Ya ce in riƙe wannan hoton, ya fi na bututu kusa da gaskiya. Sai ya ja layi a kan murfin da ya zana, ya ce rai da mutuwa a nan suke. Wasu fararen ƙwayoyi da ake kira T suna sakin intaferon-gama, wanda ke hana ƙwayoyin tsoka saƙa sabon zare. Makrofaj kuma suna sakin sinadaran da ke narkar da zaren da aka riga aka saƙa. Ana hana saƙa, ana warware wadda aka yi, murfin ya yi ta sirancewa. Ran da ya tsage, abin da ke ciki ya haɗu da jini, jini ya daskare a wurin cikin mintuna ya toshe hanya. In a jijiyar zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki. Ya ƙara da cewa da yawa daga cikin bugun zuciya suna fitowa ne daga tudun da bai ma matse hanya sosai ba, sai dai murfinsa siriri ne kuma cikinsa na ci da wuta.

Na fito daga ofishinsa na zauna a benci, takardar a hannuna, na daɗe ban tashi ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sunayen. Intalukin-6 da sauran 'yan uwansa na sha jin su a bakin likitocin gaɓɓai, su ne ke cin guringuntsin yatsuna. Ban taɓa tunanin suna da wani wurin aiki ba. Kuma a nan zan faɗi abin da ke cina: na ga likitoci da dama cikin shekara goma sha ɗaya, babu wanda ya taɓa ce min ciwon nan yana taɓa zuciya. Da an faɗa min sau ɗaya, da harshen da zan gane, ina jin da na daure wa tashin zuciyar metotireksat. Laifin barin magani nawa ne, ban musa ba. Amma mara lafiya yana auna wahalar magani ne da abin da ya san zai rasa, ni kuwa yatsu kaɗai na san ina karewa.

Cikin makon jiran gwaji na gaba na shiga karatu. Ashe gardamar tsohuwa ce. Tun tsakiyar ƙarni na 19 Rudolf Virchow na Jamus ya ce kumburi ne tushen wannan ciwo na jijiya. A 1913 Nikolai Anichkov a Rasha ya ciyar da zomaye kwalastarol, jijiyoyinsu suka yi irin wannan tudun, daga nan hankalin duniya ya karkata ga kitse shekaru da dama. A 1986 Göran Hansson da abokan aikinsa a Suwidin suka nuna cewa tudun jijiyar mutum cike yake da ƙwayoyin garkuwa, har da ƙwayoyin T. A 1999 kuma Russell Ross na Jami'ar Washington ya fito ƙarara ya kira ciwon da ciwon kumburi. Na ga wasu suna ɗaukar wannan su ce ashe kwalastarol ba shi da laifi. Wannan kuskure ne mai iya kashe mutum. LDL ne ke fara shiga bangon, shi garkuwa ke bi. Abin da ya bambanta ni da maƙwabciyata mai lambar kwalastarol irin tawa shi ne garkuwata a harzuƙe take tun kafin ta isa wurin.

An so a ɗora ni a kan injin tafiya a ga yadda zuciya ke yi in ta gaji, amma gwiwoyina ba za su kai ni inda ake so ba, sai aka zaɓi hoton CT na jijiyoyin zuciya. Sai da aka duba ƙodata tukuna, saboda ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hoton ya fito ta ƙoda yake fita, aka kuma hana ni daiklofenak. Ranar gwajin aka ba ni ƙwaya ta rage saurin zuciya zuwa wajen 60 a minti, don hoton kada ya girgiza. Aka sa min kanula a hannu, aka fesa min wani magani a ƙarƙashin harshe mai buɗe jijiyoyi, nan da nan kaina ya sara. Mafi wuya shi ne ɗaga hannuwa sama da kai. Kafaɗata ta dama ta ƙi, sai da ma'aikaciyar ta naɗe tawul ta tokare min gwiwar hannu, tana cewa, "Sannu Malama, kaɗan ya rage." Gadon ya zura ni cikin zoben na'urar, wata murya ta ce in ja numfashi in riƙe. Da ruwan ya shiga, zafi ya bi jikina daga maƙogwaro har mara, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe, na ji kamar fitsari ya kuɓuce min. An riga an gaya min haka zan ji kuma ba komai ba ne, duk da haka sai da na taɓa zanin gadon da na sauko. Ɗaukar hoton kansa daƙiƙu ne.

'Yata ce ta raka ni karɓar sakamako. Akwai tudu a babbar jijiyar da ke sauka ta gaban zuciya, ya rage faɗin hanyar da kusan rabi, wani ɓangarensa ya yi kalsiyam, wani bai yi ba. Likitan ya ce a halin yanzu ba sai an zura waya an buɗe ba. Nauyin ƙirjin kuma, in ji shi, mai yiwuwa har da ƙananan jijiyoyin da hoto ba ya gani, waɗanda kumburi ke hana su buɗewa yadda ya kamata in zuciya ta nemi ƙarin jini. 'Yata ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, kin ji ba aiki za a yi ba." Ni kuwa ɓangaren da bai yi kalsiyam ba nake kallo, don na riga na san shi ne mai taushi.

Likitocin biyu suka yi magana da juna ta waya a gabana, abin da ban taɓa gani an yi a kaina ba, suka fitar da tsari ɗaya. Daiklofenak ya fita gaba ɗaya, don shi kansa yana ƙara haɗarin bugun zuciya yana kuma ɗaga jini. Firednisolon za a janye shi a hankali cikin watanni. Wannan na jaddada shi ga duk mai shansa: ba a yanke shi rana ɗaya, domin in an daɗe ana sha, wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda sukan rage yin nasu sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. Dogon shansa kuma yana kawo hawan jini da suga da ƙiba, duk abokan taurin jijiya. Metotireksat ya dawo, amma ta allura a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako, da folik asid don rage tashin zuciya. Aka ƙara min sitatin mai rage kwalastarol, da maganin hawan jini, da ƙaramin asfirin, da abin fesawa a ƙarƙashin harshe in nauyin ƙirji ya zo. Aka tura ni wurin likitan haƙori ma, tunda daɗaɗɗen ciwon dasashi shi ma kumburi ne da ba ya kwanciya.

Na yi tambayar da karatuna ya haifar min: tunda garkuwa ce, me zai hana a ba ni maganin da ke kashe kumburin jijiyar kai tsaye? Ya ce an gwada. A 2017 aka fitar da sakamakon binciken CANTOS, wanda Paul Ridker na Boston ya jagoranta, a kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu ya kai 2 ko fiye. Aka riƙa yi wa wasunsu allurar kanakinumab duk wata uku, maganin da ke toshe intalukin-1 beta kuma ba ya taɓa kwalastarol ko kaɗan. A ma'aunin miligiram 150, bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwar da suke jawowa suka ragu da kashi 15 cikin ɗari. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar a jikin mutane cewa rage kumburi shi kaɗai yana kare zuciya. Sai dai waɗanda cututtuka masu yaɗuwa suka kashe sun fi yawa a cikin masu karɓar allurar, don garkuwar da aka sassauta ita ce dai ke tsare mutum.

Ya kuma faɗa min wanda bai yi nasara ba, na ji daɗin hakan. A binciken CIRT, da aka fitar a 2018, an ba masu ciwon zuciya da ba su da amosanin gaɓɓai ƙaramin metotireksat, bai rage musu komai ba, bai ma sauke musu CRP ba. A wurin masu ciwona kuwa, bibiyar marasa lafiya ta nuna waɗanda ke kan metotireksat sun fi ƙarancin ciwon zuciya. Fahimtata ita ce maganin yana amfani inda akwai irin wutar da yake iya kashewa. Sai kolcisin, tsohon maganin wani ciwon gaɓɓai mai suna gawut, ana samun maganin daga wani fure. Binciken COLCOT na Kanada a 2019 da LoDoCo2 na Ostireliya da Holan a 2020 sun nuna rabin miligiram a rana yana rage aukuwar matsalolin zuciya, na farko da kashi 23, na biyu da kashi 31 cikin ɗari, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don haka a 2023. Ni bai ba ni ba. Ya ce shi da metotireksat duka suna iya taɓa ɓargo, kuma babbar wutar jikina a gaɓoɓi take, a fara kashe ta tukuna.

A layin jira na haɗu da wata matashiya mai ciwon lufus, wani ciwon garkuwa da ya fi kama mata. Ita ma daga sashen gaɓɓai aka turo ta, tana ta mamakin me ya haɗa ta da tsofaffin da ke zaune a wurin. Nasu ya ma fi namu tsanani: wani bincike na Jami'ar Pittsburgh a 1997 ya gano matan da ke da lufus 'yan shekara 35 zuwa 44 sun fi takwarorinsu haɗarin bugun zuciya fiye da sau 50. Haka masu ciwon fata na soriyasis da masu ɗauke da ƙwayar HIV, ko da suna kan magani, haɗarinsu ya ɗara na sauran mutane. Na zana mata da'irori ukun nan a bayan katinta.

Watanni ukun farko sun yi wuya. Duk lokacin da aka rage firednisolon, yatsuna sukan tashi kwana huɗu ko biyar, ga babu daiklofenak da zan gudu wurinsa. Akwai safiyar da na kasa ɓalle maɓallin rigata, na zauna a bakin gado ina kuka, maigidana ya ɓalle min. Sauran kwalin daiklofenak yana cikin durowa, na san inda yake. Na ce masa ya ɗauke shi daga gidan, ya ɗauke. Duk wata ina komawa a ƙirga gaɓoɓi 28, a ɗebi jini a duba hanta da ƙwayoyin jini. Likitar ta ce abin da take nema shi ne makin ciwon ya sauka ƙasa da 2.6, inda ake cewa ya kwanta, kuma in metotireksat bai kai mu can ba za ta ƙara wani. A wata na huɗu ta ƙara. Na fara tafiyar minti ashirin da yamma, a hankali, daga baya ta zama talatin.

Yanzu wata tara ke nan. CRP ya sauko zuwa 3, LDL ya ragu da fiye da rabi, makin gaɓoɓi yana 2.9, bai kai inda ake so ba tukuna. Na tambayi likitan zuciya ko za a sake hoton a ga tudun ya tafi. Ya ce ba zai tafi ba, kalsiyam ɗin ma zai iya ƙaruwa a kan sitatin, don sau da yawa haka tudu ke yi in yana warkewa ya yi tabo. Abin da ake fata shi ne cikinsa ya huce, murfin ya yi kauri, kuma wannan ba abu ne da zan ji a jikina ba.

Benen makarantarmu matakala 22 ne, da wurin juyawa a ta goma sha ɗaya. Har yanzu nakan tsaya a nan in saurari ƙirjina kafin in ƙarasa. Abin fesawar yana cikin aljihun jakata na gaba, rabona da shi tun wata na biyar. Allurar mako ranar Laraba ce da dare, 'yata ke yi min a cinya in yatsuna sun ƙi, kuma ranar 14 ga watan gobe zan koma a sake ƙirga gaɓoɓin.